Furen Kunnen Nohea

Sun yi nisa cikin kogon da narkakken dutse ya huda ya wuce, sai Anti Pua mai yi musu jagora ta ce kowa ya kashe fitilar hularsa, su ɗanɗani ainihin duhun Hawai.

Makoa ba ta duhu yake ba. Tun a bakin kogo ya tambayi Nohea ko za ta aure shi, ita kuwa ta ɓige da tambayar Anti me ya sa rufin ya daskare kamar haƙora.

Ana kashe fitilu ya ji hannunta ya zame daga nasa.

"Nohea, ba dai guduwa za ki yi ba? Za ki fasa goshi fa."

"Yi shiru, sarkin surutu, aiki nake."

Wane irin aiki ake yi a wannan duhu?

Da aka kunna, ya haske ta. Farin furen da ke kunnenta na dama, inda a al'adarsu 'yan matan da ba su tsai da miji ba ke maƙala shi, ya koma na hagu, gefen zuciya. Gogan ya saki baki.

Anti Pua ta ce, "Ɗana, rufe bakin nan, kogo ɗaya ya ishe mu."