Duniya Na Kallonku

Takalmin ya sami Auta a baki, jini ya ɓalle. Kafin ya miƙe, yayansa ya shaƙe shi a jikin keken ɗinkin shagonsu.

"Da izinin wa ka sa aka buɗe mana shafin yanar gizo?"

"Yaya, shagon nan namu ne mu biyu!"

"Mabiya dubu arba'in gare ni a soshiyal midiya. Su ke sayen takalmanmu, ba wani shafinka na banza ba!"

Auta ya kai masa gwiwa a ciki. Teburi ya kife, gam ya malale a kan fatu. Yaya ya rarumo guduma.

Sai ga mahaifiyarsu ta faɗo shagon ko mayafi babu, waya a hannunta.

"Ajiye, mara kunya! Duniya na kallonku!"

Yaya ya waiga. Wayarsa na jingine inda ya bar ta yana tallan takalma kai tsaye. Ashe bai kashe ba.

Ya ɗauko ta ya duba. An rufe shafinsa har abada saboda nuna tashin hankali.

Auta ya tofar da jini.

"Yaya, in ba ka adireshin shafin nawa?"