Robar Haƙorin Tessa

Ka san abin da ya fi gundurar mai sanye da robar gyaran haƙori, irin garai-garai ɗin nan da ba a ganinta a baki? Cirewa da mayarwa. Za ka ci abinci, ka cire. Za ka sha abu mai zafi, ka cire. Za ka shiga wasa, ka cire ka sa kariyar baki. Kafin a jima hannu ya saba, shi ke yin aikin da kansa ba tare da ya tambayi mai shi ba.

Corinne Lindqvist ta san wannan sarai. Bara ta gama jami'a, ta samu aikin kula da lafiyar 'yan matan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta makarantar garinsu, can arewacin Minnesota a Amurka, wasan nan da ake kora ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara. Ita ta kawo sabon tsari: duk mai robar gyara ta miƙa mata kafin ta taka ƙanƙara, saboda sun saba naɗe ta a takardar goge baki su ajiye, mai shara ya kwashe.

Ranar Asabar da rana, ana shirin wasan ƙarshe na shekara, Tessa Halvorsen ta wuce ta hannu rabbana.

"Ke Tessa, ina ajiyata?"

"Na cire tun a gida, Anti."

"Iye! Lallai yau an girma."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ja hular kwanonta, ragar ƙarfen ta rufe mata fuska, ta fita.

Corinne ba ta ga laifinta ba. Tessa 'yar tagwaye ce, masu kama kamar an tsaga kara, kuma 'yar'uwarta Greta ce tauraruwar ƙungiyar, har wata jami'a ta riga ta ba ta gurbin karatu kyauta. Greta ba ta taɓa buƙatar roba ba, haƙoranta a jere suke, kullum cikin tsokanar Tessa take da "mai bakin leda". Sai ga shi a watan jiya wata ƙatuwar 'yar wasa mai suna Dolan ta maka Greta da bangon fili, kanta ya bugu, aka fitar da ita ba ta san inda take ba. Likita bai ɓoye musu komai ba: idan kan nan ya sake buguwa kafin ya warke, da wuya ta tashi.

Yau da ƙungiyar Dolan ɗin za a kara. Kuma yau ne wani mutum mai jar hula ya zo daga jami'ar don ya kalli wasan Tessa. Idan ta burge shi, tare za su tafi da 'yar'uwarta. Idan ba haka ba, a garin nan za a bar ta. Iyayensu duka suna wurin aiki. Greta kaɗai ta nace ta zo, ta hau can saman bencin 'yan kallo, ta ja hular rigar sanyi ta sa baƙin tabarau.

Aka hura usur.

Mai lamba goma sha huɗu, lambar Tessa, ta fita kamar an harba ta. Ta yanke mutum biyu, ta juya, ta jefa ƙwallo a raga. Fili ya ɗauka da ihu. Koci Pederson ya dafe kai.

"Ashe yarinyar nan da ma ɓoye mana take yi?"

Abu ɗaya ya dami Corinne. Kariyar bakin a waje take, tana reto tsakanin leɓɓa.

"Mayar da ita ciki!" Corinne ta daka mata tsawa da ta zo hutawa.

"Matse ni take yi, Anti."

"A kan haƙoranki aka auna ta. Mayar!"

Ta mayar. Ta sunkuyar da kai, ta sa safar hannu ta kare idonta daga fitilun sama. Fargaba ce, in ji Corinne a ranta.

Dolan ta sulalo ta gaban bencin 'yan wasa, ta ƙwanƙwasa katakon da sandarta.

"Na kwantar da ɗaya. Saura ke, 'yan mata."

Doka ta hana bankewa a wasan mata, amma bango bai san doka ba. Sau biyu Dolan ta kai mata, sau biyu tana zillewa da ƙyar. A na biyun kafaɗarta ta goga gilashin bango, ta ɗan tsaya tana girgiza kai, sannan ta ci gaba.

Da aka tafi hutu, Corinne ta tuna da mai jinya. Ta sayi gugguru da cakulan mai zafi ta hau sama. Ta tarar da ita daf da masu ganga, ƙarar ba ta ko dame ta ba.

"Greta, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"'Yar'uwarki ta haukace mana yau. Ungo, sha ki ji ɗumi."

A ƙasa an koma wasa. Ƙwallo ya gangara kusurwa, lamba goma sha huɗu ta bi shi, ta ba fili baya, fuskarta na kallon bango. Dolan ta taso daga tsakiya, kai a sunkuye, gudu na ƙaruwa.

A sama, yarinyar ta karɓi kofin, idonta na kan ƙanƙara. Ta ɗora shi a gwiwa. Hannunta ya tafi baki da kansa, ya ɓalle wata roba garai-garai daga haƙoranta, ya naɗe ta a takardar goge baki.

Idan kana kusa da alƙalin wasan nan, don Allah ka ce masa ya hura usur, Greta ce a kusurwar can.