Kuben Hammata

Ni na fara ganin ƙaramar bindigar Nasara a Tudun Wada, kafin uban kowa. Na tsince ta, ga 'yan fashi sun dame mu, ga doka: wanda aka kama da ita, sai rataya.

Baduku ya ce, "Kuben ƙugu ko na hammata?"

"In durƙusa gaida Bature ta leƙo? Na hammata!"

A hanya maɗaurin ya tsinke, ga soja. Na matse bindigar a hammata, gumi na zuba.

"Kai, ɗaga hannuwanka!"

"Ranka ya daɗe, wannan shanyayye ne."

Da ya bar aikin soja, la'anannen ya gina gida jikin nawa. Tun gemuna na baƙi nake jan lafiyayyen hannu kamar shanyayye, kada ya gane. Jiya aka binne sojan.

Mai musu ya matso, in ɗaga masa.