Jar Mota a Hanyar Sandamu

Musaddiq ya damƙe sitiyari da hannu biyu, ya taka totur har ƙasa.

"Ki daure, Madina. Yanzu za mu hau kwalta."

Ya saci kallon kujerar gefe, idonsa ya sauka kan gyalenta mai ruwan toka, ya yi maza ya mayar da shi gaba. Tsoro yake ji.

Cikin fari ne, don haka aka mayar da ita goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye can bayan Sandamu. Da azahar aka bugo masa waya a Daura, aka ce tun safe take naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a nemi asibiti. Yana fitowa da gudu yayansa Kalilu ya tare shi da makullin a-kori-kurar da yake kai gero kasuwa.

"Ɗauki wannan. Hanyar can ba ta motarka ba ce."

"Haba Yaya, mai naƙuda a wannan gwangwanin? Kafin mu iso ai ta galabaita."

Kuma fisabilillahi, wa zai ga laifinsa? Motarsa ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai lashi ƙasa. In ta gifta ta bakin tasha, 'yan acaɓa har mantawa suke da fasinja. Wanda ya sayar masa da ita a Abuja ya rantse masu ƙera ta sun haɗa abu biyu da ba su cika zama wuri ɗaya ba, gudu da taushi. Madina ma da bakinta ta taɓa cewa kujerar nan ta fi katifarta daɗi. Mai son matarsa da me zai ɗauko ta in ba da wadda ta fi sauri, ta fi laushi ba?

Ga shi kuwa mutumin Abuja bai yi ƙarya ba. Duk gudun nan, ko ƙarar inji ba ka ji, balle girgiza. Sai ka rantse a tsaye take.

Gumi ne dai ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya murɗa maɓallin na'urar sanyi, ta ƙi kawo iska, yau ma. Wata kaza ta tsaya a gabansa tana tsince-tsincenta, ko a jikinta. Ya danna hon, hon ya yi shiru, sai ya karkata ya kauce mata. Ƙamshin miyar kuka ya shigo ta taga, har ya ji haushin duk wadda ta iya ɗora tukunya a rana irin wannan.

"Ya Allah," ya ce, "ka karɓi motar, ka karɓi shagona, ka karɓi komai. Ka bar min ita."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Kafin a hau babban titi akwai wani tudu da mutanen ƙauyen suka gina da gungumen itace da jar ƙasa, tun da wata mota ta bi ta kan awakinsu. A-kori-kura kan haye shi ba ta ma san ta haye ba. Tasa kuwa, ya san abin da zai faru in aka tunkare shi kai tsaye. Cikinta zai maƙale, tayoyi su yi ta juyawa a iska, baƙin mai ya malale a ƙasa. Maza za su taru da salati suna ɗagawa, wani ya ruga neman wata motar, ita kuma Madina tana kiran sunansa, muryarta tana raguwa. Ya san wannan sarai, har warin man ya sani.

Ga tudun nan a gabansa.

Yau kam ba zai yi kuskure ba. Ya taka birki a hankali, ya karya sitiyari, ya hau shi a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da numfashinsa. Ya kasa kunne. Babu ƙarar ƙarfe, babu komai. Sun haye.

"Mun wuce, Madina. Kin gani? Wallahi mun wuce."

Hawaye suka rufe masa ido, bai ko share ba. Daga nan sai kwalta miƙe sambal, ya sakar wa motar ƙarfinta duka. Gonakin gero suka wuce, gidajen farko na Daura suka bayyana, ga ƙofar asibiti a buɗe. Yana tsayawa ladan ya kira la'asar.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Wata dattijuwa ta buɗe masa ƙofa, ta sunkuyo.

"Kun iso," ta ce. "Fito haka nan, an kira salla."

"Na kawo ta a kan lokaci ko? Ban makara ba?"

Dattijuwar ta dafa kafaɗarsa. "Ka yi iya yinka, Auta. Zo ka yi alwala, ga tuwo na sauke."

Ya fito yana murmushi. Hajiya Hadijatu ta bi ɗanta da kallo har ya ɗauki buta, sannan ta miƙa hannu ta ninke gyalen, ta ajiye masa inda zai same shi gobe. Ta kori kazar daga gaban jar motar, wadda ke ɗore kan duwatsu a harabar gidanta ba taya ko ɗaya, tun daminar da ta maƙale a kan tudun nan Madina ta cika a cikinta.