Munduwar Masu Ciki

Tun da aka wajabta wa masu ciki munduwar asibiti, ba mai shan kodin a ɓoye. Munduwar Balaraba da ta aminiyarta Daso mai tallan nono suka yi ja tare, don kwalba ɗaya suka raba.

"Mu je, magani kawai za su ba mu," in ji Balaraba. "Na'ura ba ta san ƙabila ba."

A ƙofa na'urar ta leƙa fuskokinsu. Aka kai Balaraba gado. Daso kuwa, mai zanen Fulani a baki, na'urar ta ware ta, 'yar sanda ta riƙe ta.

"Balaraba, gaya musu tare muka sha!"

Balaraba ta dafa cikinta, ta ce, "Nono kawai nake saye a wurinta."