Goɗiyar Mashigin Rafi

Kafin hayaƙin bindiga ya washe, mutum tara daga cikinmu sun kwanta matattu a mashigin rafi. Haka 'yan sari-ka-noƙe na Kudu suka saba yi wa rundunarmu ta dawakai a Missouri, lokacin yaƙin basasar Amurka: su laɓe a kurmi, su zuba mana wuta, su ɓace. Amma ran nan sun yi ɓari. Harsashi ya kayar da ɗayansu, 'yan'uwansa suka suri abinsu suka gudu, suka bar jar goɗiyarsa tana karkarwa, jini duk ya ɓata likkafa.

A shekarar 1863 muna da yadda muke yi da irin wannan dabba. Sai a sakar mata linzami a bi ta a baya, don doki gida yake komawa. Ƙofar da ta tsaya, gidan ya ci wuta, duk namijin da ya isa ɗaukar bindiga a kashe shi. Mugun aiki ne, ba zan yi masa kwaskwarima ba, amma yana ci.

Sai dai goɗiyar nan 'yar bala'i ce. Sojan da ya fara kai hannu, ta sakar masa ƙafa a gwiwa, muka ji ƙashi ya ce ƙas. Na biyu ta cije shi a kafaɗa. Nan Saje Enos Maddox ya taso. Haifaffen kwarin yankin ne, shi ke nuna mana hanya, kuma a cinyarsa abokinsa Whit ya cika yanzun nan, muƙamuƙi a tarwatse. Ya ɗora mata tafin hannu a hanci, ta yi laƙwas.

Kyaftin Rudd ya ce, "Kai Saje! Da mata na jin maganarka haka, ai da tuni ka yi aure."

Enos ko murmushi bai yi ba. Rigarsa sharkaf take da jinin Whit, kowa ya ce mutumin nan fansa kawai yake gani.

Aka sakar mata linzami muka bi ta, rana na tsaka muka iso mararraba. Hanyar hagu ta gangara kwari, ta dama ta haura tudu. Goɗiya ta ja ta tsaya, ta miƙe kunnuwa, ta yi haniniya. Enos ya diro daga dokinsa ya ce bari ya duba sawu. Ya sunkuya yana bin ƙasa da ido, ya ɗan taka zuwa dama, sai ga goɗiya ta bi shi, hancinta kamar zai taɓa bayansa. Da ƙafa ya ƙarasa hawan, tana biye, muna biye.

Gida ɗaya ne a kan tudun, na tsoho Purdy da 'ya'yansa maza biyu. A kan abinci muka same su. 'Ya'yan na ganin shuɗin kakinmu na soja suka fita ta baya da gudu, mahaya huɗu suka cim musu a gonar masara, takubba suka yi ta sauka har ihun ya mutu. Tsohon kuwa da jan ƙafa aka fito da shi, gurasar masara na hannunsa bai ma saki ba.

Da ya ɗago ya ga wanda ke tsaye a kansa, sai fuskarsa ta washe, abin tausayi.

"Enos! Yaron kirki, ashe kai ne? Gaya musu mana! Ai ka san goɗiyar nan, duk kwarin nan wa bai san ta..."

Enos ya sa masa bindiga a baki ya danna.

Kyaftin ya share jinin da ya fantsamo masa a kumatu. "Haba Saje, ka bari a yi masa tambaya mana."

"Mun riga mun tambayi goɗiya, yallaɓai."

Aka birkice gidan, ba a ga mai rauni ba, ko tsumma mai jini babu. Kyaftin ya ce sun ɓoye shi a kurmi ne. Aka cinna wuta, har aladen da ke barga suka ƙone suna kururuwa. Kyaftin ya ba Enos goɗiyar tukwici, ya ce a busa ƙaho a koma sansani.

A mararraba Enos ya ce zai gyara ɗamarar sirdi, runduna ta wuce. Ni kuwa ciki ne ya tsugunar da ni a bayan shinge, bai san ina nan ba. Ya zare mata sirdi da linzami ya wurga a ciyawa, ya kifa goshinsa a wuyanta. Can ya juya kanta zuwa hanyar hagu, ya mare ta a gindi.

"Tafi gida, 'yar banza. In Baba ya tashi daga raunin nan, ki ce masa in zai sake tare hanya, don Allah ya ari dokin wani."