Wa Ya Yanka Hular Sabiru?

Sabiru ya tarar da hular kwanonsa a kan turmi, an raba ta gida biyu da zarto.

Ba irin ta bakin kasuwa ba ce, wadda in ka matsa da hannu sai ta lotsa kamar robar wanki. Rago sukutum ya sayar aka kawo masa ita daga Kano. Duk Gwiwa an san shi da wannan jaraba. Bakaniken babur ne, amma rabin yininsa a kan waya yake ƙarewa, yana bin labarin tseren babura na Turai: wa ya faɗi a kwana, wace hula ta tsare kai, wacce ta tarwatse. 'Yan acaɓa har sun haddace wa'azinsa: "Hular da ta bugu sau ɗaya ta gama aikinta, ko ba ka ga tsaga ba."

Yau ga tasa, farin soson cikinta a waje. Ransa ya ɓaci har kansa ya fara sarawa ta gefen hagu.

"Rahamatu! Wa ya taɓa min hula?"

Matarsa tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Zauna ka sha kunu tukuna, Baban Lubna."

Kunu! Sanyin nan nata ya fi yankan ƙona masa rai. A yi irin wannan ɓarna a gidan mutum, matarsa ko salati ba za ta yi ba?

Ya leƙa zaure, babu babur ɗinsa. To, magana ta fito. Musaddiƙ ne, ƙanensa. Jiya-jiyan nan, da yana shirin tafiya Kazaure sayen kayan gyara, Musaddiƙ ya tsaya yana yi masa dariya, wai ya kifa tukunya a ka. Hassada ce ashe. Sabiru ya rantse yau zumuncinsu zai rabu biyu yadda hular ta rabu.

Ya kwashi ɓari biyun ya yanka ta gonar bayan gida. Geron ya fi shi tsayi, har ya fid da kai. Ko daminar bana ma rashin kunya take ji, kamar ba kwanan nan aka yi noman fari ba. Wani dattijo a kan keke ya rage gudu ya ce, "Malam Sabiru, ya ƙarfin jiki?" Sabiru ya wuce abinsa. Wato labarin har ya zaga gari, an fara yi masa shaƙiyanci.

Abin da ya gani a rumfarsa ya ƙarasa shi. Musaddiƙ ne zaune a kan bencinsa, da sufanarsa a hannu, yana kwance babur ɗin wani tsohon kwastomansa.

"Ka ɗauke babur, ka yanka hula, yanzu kuma ka gaje rumfa ina raye?"

Ya shaƙo wuyan rigarsa ya kwaɗa masa mari. Musaddiƙ bai kare ba, bai rama ba. Masu jiran gyara kowa ya kawar da kai, ba wanda ya yi mamaki.

"Yaya, mu je gida," in ji Musaddiƙ a hankali.

Sai ga Rahamatu tana haki, mayafi a karkace, ita ma idonta ya yi ja. "In na ɓoye hular ka ce an sace, in na bar ta ka daki ɗan'uwanka. Wallahi na gaji! Ungo, kalli."

Ta danna masa waya a hannu. A bidiyon, wani mutum ne ramamme, an aske masa kai, ɗinki ya bi gefen hagu har bayan kunne. Ya danne hula a kan turmi yana gurza zarto. "Ɗauke ni da kyau, Musaddiƙ," in ji mutumin. "Ita ta karɓi kwaltar hanyar Kazaure a madadina. Ta gama aikinta, kada wani ya tsinta ya sa."

Sabiru ya kai hannu ƙarƙashin hular saƙar da ke kansa, yatsunsa suka bi tabon har bayan kunne. Rahamatu ta karɓe wayar ta mayar da bidiyon farkonsa, don gobe da safe ma zai manta ya sake tambaya, yadda ya yi ta tambaya kowace safiya tun bayan hatsarin, wata biyu ke nan.